Ta Sauka, In Ji Yaya

Motar nan saboda ni aka saye ta. Kowa a layinmu na Ridina ya san haka, ko da yake babu wanda ya taɓa faɗa a gabana. Cikina na fari a hanya ya lalace. Naƙuda ta kama ni da la'asar ana tsuga ruwan Agusta, maza suka bazama neman taksi, amma duk direban da aka tare sai ya leƙo layin daga bakin kwalta, ya ga taɓo, ya girgiza kai ya ja motarsa. A kurar masu sayar da ruwa aka tura ni zuwa titi. Kafin mu kai asibiti yaron ya daina motsi. Namiji ne, cikakken mutum har da sumarsa, kuma ban ji kukansa ba.

Da Allah ya sake ba ni wani cikin, sai lissafi ya nuna a damina zan kuma haihuwa. Ban ce wa kowa komai ba, amma duk ranar da hadari ya haɗo ta gabas sai in kasa ɗauke ido daga kansa. Wanda maciji ya sara, ko baƙin tsumma ya gani gudu yake.

Mijina Junaid ɗan'uwana ne, shi ya sa Yaya nake ce masa tun kafin aure, bayan auren ma ban ga dalilin canzawa ba. Kakansa ya baro Haɗeja da fataucin goro tun garin nan ana kiransa Fort-Lamy, ya zauna bai koma ba. Ni kuwa a Haɗejar aka haife ni, aure ne ya ƙetaro da ni Njamena. Yaya mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba, amma abu biyu Allah ya jarrabe ni da su a kansa. Na farko Hausarsa. Da Larabci yake tunani, ya ɗebo Faransanci a hanya, sannan ya juye maka da Hausa, kai ka tsince. Na biyu hannunsa. Bai iya ganin abu yana aiki lafiya ya ƙyale shi ba. Rediyonmu, fankarmu, har keken ɗinkin Inno mahaifiyarsa, babu wanda bai buɗe cikinsa ba, kuma duk sanda ya rufe sai an tsinci noti ɗaya ya yi saura a tabarma.

Cikina na wata biyar motar ta iso daga Kwatano. Golf ce ja, mai ƙofa biyu, da baƙin layi a gefe, irin ta samari marasa nauyin kowa. Na zagaya ta, na ce, “Yaya, mai ciki da ƙofa biyu?”

“Ranar nan gudu ake nema, ba ƙofa ba,” in ji shi.

Ban musa ba, domin da aka yi ruwan farko na ga abin da ya kwantar mini da hankali. Ta shigo layinmu tana watsa taɓo, ta haye tudu, ta ratsa kwari, ta tsaya a ƙofar gida tana huci. Ranar na ci tuwo na ƙoshi.

Muttaka ne ya jawo mana. Abokin Yaya ne tun makaranta, yana sayar da rediyo da kaset a shagon da ke manne da na Baba Mudi, surukina, a babbar kasuwa. Shi ya kawo masa wata tsohuwar mujallar Faransa cike da hotunan motoci, dukansu cikinsu ya kusa taɓa ƙasa kamar kadangare a kan siminti. Yaya ya riƙa kallon hotunan nan da safe da yamma, yana auna wani abu da yatsunsa. Na san wannan kallon. Shi ya yi wa fankarmu kafin ta rasu.

Da watan haihuwata ya kusa kamawa sai ya roƙi Baba ya ɗaga masa zuwa shago na 'yan kwanaki, wai yana so ya kasance kusa da gida saboda halin da nake ciki. Ni kuma ya ce mini zai kai motar gidan su Muttaka a Bololo, inda akwai siminti da inuwa, ya duba ta sosai.

“Ba a fafe gora ranar tafiya,” ya ce. Na yi mamakin yadda karin maganar ta fito masa daidai, har na sa masa albarka.

Abin da ya faru a Bololo daga bakin Kubura matar Muttaka na ji shi daga baya. Yaya ya ɗaga motar da jak, ya ɗora ta a kan bulo, ya cire tayoyin duka huɗu. Sannan ya shiga ciro ƙarafan nan masu murɗe-murɗe da mota ke zaune a kansu, waɗanda mu a gida muke ce wa sifirin, su kuma a nan resor. Ba shi da abin matse su, sai ya ɗaure da igiya da waya. Na farko ya kufce, ya tashi sama, ya sauka a kan randar Kubura ya raba ta biyu. Bai karaya ba. Ya ɗauko zarton ƙarfe ya yanke wa kowanne zagaye ɗaya. Da ya mayar ya sauke motar, sai ya ga hagu ta fi dama tsawo. Ya sake kwancewa ya rage na hagu, sai dama ta fi. Haka ya yi ta yi, kamar wanzami da gashin baki, gyara nan, gyara can, har aka wayi gari babu abin gyarawa. Kubura ta ce da ya gama, kazarta ta zo za ta shige ƙarƙashin motar ta sha inuwa kamar yadda ta saba, ta leƙa, ta fasa.

Shekarar ce wayar hannu ta fara yawa a kasuwa. Yaya yana da ita, Muttaka yana da ita, Baba kuwa ko taɓa ta ba ya so. Yaya ya sa aka wanke motar aka goge, ya ja da baya ya kalle ta, daɗi ya kama shi, ya buga wa Muttaka. An yi rashin sa'a Muttaka ya tafi alwala, ya bar wayar a kan benci tana ta kuka har ta ishi Baba, ya ɗauka ya danna inda ya ga ana dannawa. Yaya bai tsaya jin muryar wa ba ce. Na sa ya maimaita mini maganar daga baya, ga abin da ya ce:

“Ta sauka! Wallai ta sauka lafiya, matsala mafi, babu ko ɗaya! Yanzu aka gama wanke ta, ka ga ja? Duk Njamena babu mai kyanta. Ka zo ka gani da idonka!”

A Larabcin da ke cikin kansa, abin da ya yi ƙasa ya sauka, shi ke nan. Amma ko yaron goye a Haɗeja ya san abin da ake nufi in mai mata da tsohon ciki ya ce ta sauka. Baba kuwa Hausar mahaifinsa ya gada, ba a taɓa ta ba. Wani uban da ya yi tambaya, ya ce yaushe, a ina, mai jegon fa? Baba ba zai iya ba. Yaya ɗan farinsa ne, ko sunansa ba ya faɗa, “yaron nan” yake ce masa, balle ya tsaya yi masa tambayoyi a kan haihuwar matarsa. Ya ce “Madalla” can ƙasa-ƙasa, ya ajiye wayar. Maƙwabtan shago suka ce ya daɗe a zaune yana kallon bandiran shadda, sannan ya cire tabarau ya share idonsa da bakin riga. Dattijon da ko a jana'izar jikansa ba a ga hawayensa ba.

Kafin Muttaka ya dawo daga masallaci Baba ya rufe shago. Ya sayi ƙwaryar goro da dabino ya raba tun daga layin 'yan atamfa har bakin ƙofar kasuwa, ana ta yi masa mabruk, wato barka. Ya biya wurin mahauta ya sayi ƙafafun sa na kauri. Labari kuwa ya riga shi isa unguwa.

Ina zaune a tsakar gida ni da Inno muna tsinkar yakuwa, na miƙe ƙafafuna da suka kumbura, sai muka ji guɗa daga waje. Inno ta ce, “Wa kuma aka aurar ba mu sani ba?” Ba ta rufe baki ba mata suka ɓarko, wata da sabulu, wata da turaren wuta. Ta gaba ta buɗe baki za ta sake rangaɗa guɗar, ta gan ni da cikina ƙato a gaba da tiren yakuwa a kansa, sai guɗar ta maƙale mata a wuya. A bayansu Baba ya shigo, ko gyaran muryar da ya saba bai yi ba, mahauci na biye da shi da kaya a kai.

“Alhaji, lafiya?” in ji Inno. “Wa ya haihu?”

Baba ya dube ni, ya kau da kai da sauri. Ya dubi Inno.

“Yaron nan ya ce ta sauka.”

Ban taɓa ganin farin ciki yana barin fuskar mutum a hankali haka ba. Na tausaya masa har na manta da kaina. Muna cikin wannan tsaye-tsayen sai muka ji wata ƙara daga bakin layi, ƙurrr, kamar ana jan kwanon rufi a kan dutse. Kowa ya yi waje, ni ma na yafa mayafi na bi su a hankali.

Motar ce. Ta hau ɗan tudun da ke bakin layinmu, wanda a da ko jin sa ba ta yi, cikinta ya zauna a kai daram. Tayar gaba tana juyawa a iska, salansa ya karkace. Yaya ya fito yana murmushi, yana shirin cewa ƙaramin abu ne, sai ya ga mata da sabulu, ya ga ƙafafun sa, ya ga mahaifinsa. Muttaka ya iso a babur yana haki, ya raɗa masa wani abu a kunne. Na ga Yaya ya dafa motar.

Wata tsohuwa ce ta fara. Ta ce, “Au, wannan ce mai jegon?” Layi ya ɗauki dariya, har da masu riƙe ciki. Wani ya ce a kawo mata kunun kanwa, wani ya tambayi ranar suna. Baba bai yi dariya ba, ya juya ya shige ɗakinsa. Ni ma ban yi ba. Ina kallon ɗan tudun nan, ina kallon sararin sama ta gabas. Motar da aka saya don ta fitar da ni, a rana tsaka, ƙasa a bushe, ta kasa shigowa layinmu.

Sai da jama'a suka watse, aka turo motar ƙofar gida da ƙyar, sannan ya shigo ɗakina yana sosa ƙeya.

“Yaya, me ka yi wa motata?”

Ranar na fara kiran ta tawa. Ya zauna a bakin gado ya fara bayani da hannu biyu, mota ta koma watir a bakinsa, kwalta ta koma gudron.

“Fiddausi, ki saurara. Watir in ta yi ƙasa ba ta rawa a kwana, tana kama gudron kamar an liƙa ta. Turawa sun rubuta. Don kada ta riƙa girgiza ki ne.”

“Turawan sun zo sun ga layinmu?”

Ya sunkuyar da kai, na ci gaba.

“Na ji. Gyaran gangar Auzinawa ka yi. To mayar da ita yadda take.”

“Abin da zarto ya ci,” ya ce, bai ƙarasa ba.

Sai na faɗa masa abin da ke raina. Na ce, “In wannan ma ya tafi a hanya, Yaya, ba zan ce ruwan sama ne ba.” Fuskarsa ta yi toka. Ya tashi ya fita. Har yau ban janye maganar ba, gaskiya na faɗa, kuma shi ma bai taɓa cewa in janye ba.

Na yi kwanaki ina ajiye masa abinci ba tare da na dube shi ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na san rabin bayaninsa gaskiya ne, har zuciyarsa ya yarda taimakona yake yi. Ɗaya rabin kuwa son a kalle shi ne a titin Bololo, ba wani abu ba. Na kai ƙara wurin Inno, ina zaton za ta taya ni. Ta taya ni ɗin, ta ce ɗanta soko ne tun yana rarrafe. Sannan ta ci gaba da tankaɗe, ta ce:

“Amma tsoro ne, 'yar nan. Kina ganin ke kaɗai kike kallon hadari? Namiji in tsoro ya kama shi ba ya faɗa, sai ya nemi abin da zai kwance. Lokacin da nake da cikinsa, ubansa katangar gidan nan ya rushe ya sake ginawa, lafiyarta ƙalau.”

Ban huce ba, amma daga ranar na koma zuba masa nama a miya.

Ya nemi resor ɗin ko'ina. Duk wuraren da ake sayar da kayan matattun motoci ya taka, amma garin na Fijo ne da Toyota, babu na irin tasa. Ya aika Maiduguri, aka ce an samu, sai dai ruwa ya cinye hanyar Gamboru, manyan motoci suna can sun kafe a taɓo babu ranar fitowa. Muttaka ya ba da shawarar a yanka tsohuwar taya a cusa tsakanin murɗe-murɗen. Suka yi, motar ta ɗaga kamar faɗin yatsa biyu, Muttaka ya ce Allahu Akbar kamar ya ga wata. Akwai wani Alhaji a bayan layinmu mai babbar mota, ya yi alkawarin in abu ya taso a buga masa ƙofa, amma mutum ne da yau yana gari gobe yana Abeshe.

Wata safiya na ji ana kankarar ƙasa a ƙofar gida. Na leƙa, sai ga Yaya da shebur da baro, ya naɗe wando. A hannunsa akwai ƙaramin gwangwanin tumatir. Ya auna ya gano tsawon gwangwanin shi ne tazarar da ke tsakanin cikin motar da ƙasa. Sai ya riƙa tafiya yana ɗora katako a inda tayoyi za su bi, yana gwada gwangwanin, duk tudun da ya fi shi ya sare, duk ramin da ya gani ya cike. Tunda mota ta ƙi tashi, hanya zai gyara, daga ƙofarmu har bakin kwalta.

Na koma ɗaki na yi dariyar da na daɗe ban yi ba, daga nan kuma sai kuka.

Layinmu ba gajere ba ne, kuma a tsakiyarsa akwai wani kududdufi da ruwa ke kwanciya, irin wanda a nan suke kira buta, sunan da har yau in na ji sai na tuna alwala. Yaya ya riƙa kwaso fasassun bulo daga duk inda ake gini, yana turo baro, hannunsa na mai auna shadda ya yi kanta ya fashe. Masu zaman shayi suka raɗa masa suna Injiniya. In ya zo wucewa sai su ce, “Injiniya, ya mai jego? Ta fara cin tuwo?” Ya yi murmushi ya wuce. Da suka gaji da tsokana sai ɗaya ya tashi ya karɓi shebur, wai yana nuna masa yadda ake riƙewa, bai mayar masa ba har azahar. Matan layi suka fara zuba tokar murhu da fasassun tukwane a ramukan ƙofar gidajensu. Ba wanda ya ce don ni ake yi. Cewa suke dama layin ya ishe su.

Baba kuwa tun ranar guɗar nan ya daina zuwa kasuwa na ɗan lokaci, don kunyar mutanen da suka ci goronsa. Ba ya amsa gaisuwar Yaya sai da kai. Amma wata rana da hantsi sai ga amalanken doki shaƙe da ɓaraguzan gini ya tsaya a bakin butar nan ya juye. Yaya ya tambayi mai amalanken wa ya aiko shi, ya ce wani dattijo ne mai tabarau, ya ce kada a faɗi sunansa. Da yamma Baba ya fito zai tafi masallaci, ya taka wurin da ƙafa, ya ce wa iska, “Gefen nan bai daku ba.” Ya wuce.

Ranar da abin ya zo, tun da asuba ake ruwa. Wajen azahar ya tsagaita, ni kuma bayana ya riƙe. Na gane ciwon, na kuma gane ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasar, duk irin na wancan karon ne. An aika gidan Alhaji mai babbar mota, aka ce ya yi tafiya. Inno ta ɗauko kayan da ta daɗe da ƙullewa, ta ƙwala wa Yaya kira.

Shigar Inno bayan motar nan kaɗai abin kallo ne. Mace ce mai jiki, ga ƙofa biyu, sai da aka kwantar da kujerar gaba, ta shiga da baya tana salati tana tsine wa wanda ya ƙera ta. Ni na zauna a gaba, kamar a kan tabarma don ƙasa. Yaya ya tayar. Muka fara tafiya a hankali, tayoyin baya suna gugar jikin motar saboda nauyi, amma muna tafiya. Muka wuce ɗan tudun, babu shi. Muka hau kan butar, ɓaraguzan Baba suka riƙe. Yaya yana ta cewa “bishesh, bishesh,” wato a hankali, ban san ko da ni yake ba ko da motar.

A bakin kwalta muka tsaya. Ruwan da ya gangaro daga titi ya kwashe cikon da ya yi a wurin, ya bar kwata mai zurfi tana gudu, daidai inda direbobin taksi suke leƙowa su juya. Ga kwalta nan ina ganin ta, in na miƙa hannu kamar in taɓa. Ciwo ya turniƙe ni, na riƙe hannun Yaya na ce, “Nan ne. Nan ne wancan karon ma.”

Inno ta ce a fitar da ita ko motar ta yi sauƙi. Ba a fitar da ita sai na fita, ni kuwa ba na iya motsi. Yaya ya buɗe ƙofa ya faɗa cikin ruwan har cinya, yana laluben duwatsu da hannu, yana jefawa a kwatar, ruwa na tafiya da su. Ban taɓa ganin mutum shi kaɗai haka ba.

Ba shi kaɗai ba ne, ashe. An idar da salla a masallacin bakin layi, mutane suna fitowa. Ban ji wanda ya kira su ba. Na dai ga riguna suna kewaye motar, masu shayi, mahauci, Muttaka, wasu Larabawa da 'yan ƙabilar Sara da ko sunansu ban sani ba, kowa ya nemi inda zai kama. Ta tagar gefena na ga hannu mai zoben azurfa ya riƙe bakin ƙofa. Baba ne, ya tattare babbar rigarsa ya ɗaure a ƙugu, tabarau ya jiƙe. Bai dube ni ba. Ya daka wa ɗansa tsawa da sunansa, a karo na farko da na taɓa ji:

“Junaidu! Shiga ka riƙe sitiyari!”

Wani ya ce da Larabci a ɗaga, aka amsa da salati baki ɗaya, sai na ji ƙasa ta rabu da mu. Mota, da ni, da cikina, da Yaya, da Inno tana “La'ilaha illallahu, za ku kashe ni,” duka a hannun mutane. Suka ratsa ruwan suna tangaɗi, wani ya zame aka tare shi, suka dire mu a kan kwalta da ƙara. Baba ya bugi rufin motar da tafin hannu.

A kan kwalta kam, zan faɗi gaskiya ko ba na so. Ta yi gudu, ta sha kwanar shataletale ba ta karkata ba, ko kwanon da ke cinyar Inno bai zube ba. Yaya ya buɗe baki zai yi magana, Inno ta ce, “In ka ce Turawa sai na mare ka.”

Ba mu daɗe da isa asibitin haihuwa ba aka shiga da ni. Abin da na sani kawai ina ta tambayar ungozomar ko yana motsi, ita kuma tana ce mini in yi nishi in bar surutu. Can sai na ji nauyi ya rabu da ni, sannan shiru. Shirun nan ba zan iya faɗin tsawonsa ba. Na rufe ido na ce shi ke nan, an kuma. Sai ga wata ƙaramar murya, a fusace, kamar an taka wutsiyar kyanwa, tana ƙaruwa tana cika ɗakin. Mace ce.

Da aka gyara mu aka bar Yaya ya shigo. Taɓo ya bushe masa har ƙugu, takalmi ƙafa ɗaya. Ya wanke hannunsa sau ba adadi kafin ya yarda Inno ta miƙa masa ita. Ya karɓe ta da tsoro, shi da ba abin da bai iya kwancewa ba.

“Yi mata kiran salla mana,” in ji Inno. “Ka tsaya kana kallon ta kamar mujalla.”

Ya sunkuya daidai kunnenta na dama, ya ce Allahu Akbar, muryar ta karye. Ya sake gwadawa, ta ƙi fita. Ya ɗago ya dube ni, hawaye na gangara cikin taɓon da ke fuskarsa.

“Wancan ban samu na yi masa ba, Fiddausi.”

Tun da muka binne yaron nan bai taɓa ambatonsa a gabana ba sai ranar. Duk fushin da na tara na neme shi na rasa. Na ji ina son mutumin nan, da wautarsa da zartonsa, fiye da ranar da aka kawo ni gidansa.

“Na sani, Yaya,” na ce. “Yi mata nata, tana jira.”

Ya yi mata kiran salla a kunnen dama har ƙarshe, ya juya ta ya yi iƙama a na hagu. Inno ta miƙa hannu za ta karɓe ta, bai ba ta ba. Ya rungume yarinyar a ƙirjinsa, ya juya fuskarsa wajen taga, ya sake ɗauko kiran sallar daga farko, a hankali, ba a kunnen kowa ba. Inno ta janye hannunta. Muka saurare shi har ya gama.